Yadda za ka kafa kyamarar tsaro a shago ko gida a arewacin Kamaru, ta yi aiki ranar da ake bukatarta

Wata shekara, cikin tsananin zafin bazara, aka fasa shagon yadin kawuna a Garwa da dare. Da asuba ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka buɗe mana injin nan mu ga wanda ya yi mana wannan aiki." Shagon yana da kyamarori huɗu, an kashe musu kuɗi masu yawa, kuma duk mai wucewa yana ganinsu. Da na zauna gaban allon na koma baya, sai na tarar naɗin ya tsaya jim kaɗan bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, daidai lokacin da aka ɗauke wuta a unguwar, bai kuma dawo ba sai da gari ya waye. Ɓarayin sun shiga cikin waɗannan sa'o'in. Kawu bai ce komai ba, ya dai daɗe yana kallon baƙin allon, sannan ya tashi ya fara ƙidayar abin da ya rage a kan katako.

Tun daga ranar na sauya yadda nake ba mutane shawara. A yankinmu, kyamarar ita kanta ce abu mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke raba tsarin da zai amfane ka da wanda zai zama ado a bango shi ne wutar da ke ciyar da shi, wayar da aka ja, faifan da ke ajiye hotuna, da kuma inda aka fuskantar da idon kyamarar. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya kamata a yi tunaninsu, tun kafin a taka ƙafa zuwa wurin mai sayarwa.

Mataki na farko: ka san abin da kake son gani

Ka ɗauki takarda da biro ka zagaya wurin, da rana sau ɗaya, da dare sau ɗaya. Ka rubuta duk hanyar da mutum zai iya bi ya shiga: babbar ƙofa, ƙofar baya, taga, gefen katangar da ta yi gajarta, da rufin kwano idan shago ne a jere da wasu, domin sau da yawa ta sama ake yanka kwano a sauko. A kowane wuri ka tambayi kanka ko so kake ka ga cewa wani ya wuce, ko kuwa so kake ka gane fuskarsa. Waɗannan bukatu biyu ne dabam, kuma rashin bambance su shi ne ke sa mutum ya kai wa jami'an tsaro bidiyon da babu abin da ake gani a ciki sai inuwar mutum sanye da riga.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi a duniya ita ce, domin a tantance fuskar wanda ba a sani ba, ana bukatar ɗigon hoto kusan 250 a kan kowace mita ɗaya ta faɗin wurin da ake ɗauka. Kyamara mai megafiksel 2, wadda ita ce aka fi samu a kasuwanninmu, tana da ɗigo 1920 a faɗinta. Idan ka raba 1920 da 250 za ka samu mita bakwai da rabi da 'yan kai. Ma'ana, da zarar faɗin abin da kyamarar take kallo ya wuce haka, fuska ta fara dushewa. Saboda haka kyamara ɗaya da aka kafa a ƙuryar gini domin ta kwashe titi gaba ɗaya za ta nuna maka motsi ne kawai. Wadda za ta ba ka fuska ita ce wadda aka matso da ita kusa da ƙofa, aka taƙaita mata abin da za ta kalla.

A jikin kwalin kowace kyamara akwai lambar idonta da milimita. Mai 2.8 tana buɗewa sosai, ta dace da cikin shago ko zaure. Mai 3.6 ko 4 tsaka-tsaki ce. Mai 6 tana matsewa ta jawo abu kusa, ita ce ta dace da lungu ko doguwar hanyar shiga. Game da tsayi kuwa, mita biyu da rabi zuwa uku ya isa. Mutane suna son kai ta can ƙololuwa don kada a taɓa ta, amma daga can saman hula da rawani kawai za ta riƙa ɗauka. Ka kuma lura da rana: kyamarar da ke cikin shago tana kallon ƙofar da hasken waje ke kwararowa ta cikinta za ta mayar da duk mai shigowa baƙi ƙirin. Gara a juya ta ta kalli mutum bayan ya shigo ya tsaya gaban kanta, inda hasken yake faɗa masa a fuska.

Idan gida ne, akwai maganar da ta fi dukkan lissafin nan muhimmanci. Kyamara ta tsaya a ƙofar gida, zaure, wurin ajiye mota ko babur, da bayan katanga. Ba na goyon bayan a fuskantar da ita tsakar gida inda mata suke aiki da hutawa ba tare da mayafi ba, domin hoton da ya shiga na'ura yana iya fita ta hanyar da ba ka zata ba: mai gyara, wayar da ta ɓata, ko yaron da ya san kalmar sirri. Ka yi shawara da uwargida kafin a huda bango. Haka kuma kada idon kyamararka ya leƙa ta saman katangar maƙwabci. Idan babu makawa sai wani ɓangare na gidansa ya shigo hoton, mafi yawan na'urori suna da wurin da ake rufe wannan ɓangaren da baƙin akwati, ka yi haka ka kuma kira shi ka nuna masa. Yaran shago su ma a gaya musu akwai kyamara da inda take kallo.

Mataki na biyu: zaɓen irin tsarin

Iri uku ne za ka tarar, ko a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere, ko kuwa cikin kayan da ake shigowa da su ta Yola da Mubi. Na farko shi ne kyamarori masu jona da na'urar naɗi wadda aka rubuta DVR a jikinta, ta hanyar waya mai kauri irin ta eriyar talabijin. Wannan ya fi araha, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma masu gyara da yawa sun san shi. Na biyu shi ne kyamarori masu aiki da wayar sadarwa irin ta kwamfuta, suna jona da na'urar da aka rubuta NVR. Idan na'urar tana da alamar PoE, waya ɗaya ce take ɗaukar hoto da wuta a tare, hoton ya fi tsabta, amma kuɗin ya fi yawa. Na uku shi ne ƙananan kyamarori masu cin gashin kansu, waɗanda suke kama intanet ba tare da waya ba, suna ajiye bidiyo a katin memori. A cikinsu akwai masu ɗan allon sola da batir da wurin saka layin waya, waɗanda suke da amfani a gona, garke, ko filin da ake gini inda babu wuta sam.

Ga shago ko gida mai bukatar kyamara uku zuwa takwas, shawarata ita ce ɗaya daga cikin biyun farko. Kyamara mai katin memori, idan ɓarawo ya cire ta ya tafi da ita, ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Masu sola kuma yawancinsu barci suke yi sai sun ji motsi su farka, domin su tsimi batir, kuma wani lokaci kafin su farka mutum ya riga ya juya baya.

Sunayen da aka fi sani su ne Hikvision da Dahua, sai EZVIZ da Imou da Tapo a ɓangaren ƙananan. Akwai jabu da yawa masu kama da su, don haka ka sa a jona maka kayan a shagon ka ga hoton da idonka, ka rufe idon kyamarar da tafin hannu ka ji ɗan ƙaran da take yi idan ta koma yanayin dare, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowace na'ura. Duk wadda za ta zauna a waje ta kasance an rubuta mata IP66 ko IP67. Lamba 6 ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga, ta biyun kuma tana nuna juriyar ruwa. Wanda ya san ƙurar hunturu a Marwa ya san lambar farkon ba ƙaramin abu ba ce.

Mataki na uku: wuta

A nan ya kamata ka fi daɗewa, kuma a nan ya kamata kaso mai kyau na kuɗinka ya tafi, ko da zai sa ka rage yawan kyamarorin. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogara da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, wutar da take bayarwa tana raguwa, a daidai lokacin da zafi ya sa kowa yake bukatar fanka da firji. Tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gidar sun taimaka, amma duk wanda yake zaune a nan ya san ba a gina tsaron dukiya a kan zaton cewa wuta za ta kwana. Ɓarawo ma ya san haka, duhun unguwa yake jira.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamara ɗaya tana cin wat biyar zuwa bakwai idan fitilun darenta suna kunne. Na'urar naɗi mai ɗaukar kyamara huɗu tare da faifanta tana cin wat goma zuwa goma sha biyar. Idan ka haɗa da ƙaramin modam na intanet, tsarin kyamara huɗu zai tsaya a wajen wat 40 zuwa 45. Ainihin adadin yana rubuce a jikin kowace na'ura, ka tara naka. Batir mai bolt 12 da aka rubuta masa 100Ah yana ɗauke da wat 1200 na sa'a guda, amma idan na dalma ne bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, in ba haka ba zai mutu da wuri. Rabin, wato 600, idan ka raba shi da 45 zai ba ka sa'o'i goma sha uku, waɗanda za su kai ka daga magariba zuwa safiya. Batirin litiyam ya fi tsada amma ana iya shan mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Ƙaramin akwatin ajiyar wuta da ake sayarwa domin kwamfutar ofis ba zai yi wannan aikin ba, an yi shi ne domin ya riƙe na ɗan lokaci har a kashe kwamfuta.

Tun da kyamarori da yawancin ƙananan na'urorin naɗi bolt 12 suke amfani da shi, ana iya ciyar da su daga batir ba tare da imbata ba, a tsira daga asarar wutar da ake yi wurin ɗaga ta zuwa bolt 220 sannan a sake sauke ta. Sai dai ƙarfin batir yana hawa ya wuce bolt 14 lokacin caji, ya kuma sauka idan ya yi rauni, don haka a sa ƙaramar na'urar daidaita ƙarfi a tsakani, da fis a kan layin. Wannan aikin mai wutar da ya san sola ne, kada a bar shi ga yaron da yake koyo. Idan kana son tsarin ya rayu da sola kaɗai, wat 45 cikin sa'o'i 24 ya haura wat 1000 na sa'a a kowace rana. Da sa'o'i biyar na rana mai ƙarfi, allo mai wat 300 zai ba ka sarari, musamman ga kwanakin hazo da na hadari.

Abubuwa biyu kuma. Allon kallo ba ya bukatar zama a kan batir, a bar shi a kashe sai za a duba wani abu, domin naɗi ba ya tsayawa don an kashe allo. Sannan damina tana zuwa da tsawa, kuma doguwar wayar da aka ja a waje tana iya kwaso ƙarfin tsawar da ta faɗa nesa ta kai shi cikin na'ura. A kafa sandar tagulla a ƙasa a jona jikin na'urar da ita, a kuma sa abin kariya daga hauhawar wuta a inda tsarin yake shan wutar gari.

Mataki na huɗu: jan waya da ɓoye na'ura

Akwai wata matsala da ake kira na a kanta fiye da kowace: da rana kyamara tana aiki lafiya, da dare sai hoton ya riƙa rawa ko ya ɗauke. Mai gida yakan ɗauka kyamarar ce ta lalace. Mafi yawan lokuta wayar ce. Da dare fitilun gani cikin duhu suna kunnuwa, kyamarar ta nemi ƙarin wuta, ita kuwa siririyar wayar da aka ja mita talatin ko arba'in ta riga ta zubar da wani ɓangare na bolt 12 ɗin a hanya. Maganin shi ne waya mai kauri, ko a matso da abin ba da wutar kusa da kyamarar.

Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama. Kafin ka biya, ka fere bakin wayar ka kankare ta da wuƙa. Idan cikinta ya fito fari, alminiyam ce, tana karyewa da sauƙi kuma ba ta kai wuta nesa. Tagulla ta gaske ja take har ciki. Ga tsarin NVR, iyakar tsawon waya ɗaya mita 100 ne, kada a wuce. Kowace waya ta bi ta cikin bututun roba, domin rana tana soya bayanta cikin shekara guda ko biyu, ɓeraye kuma suna cin wadda take cikin silin. Kada a kwantar da ita jiki da jiki da wayar wutar gida, hakan yana sa layuka su riƙa yawo a hoto. Mahaɗin da ke bayan kowace kyamara a sa shi cikin ƙaramin akwati mai murfi, a bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwan sama zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga ciki.

Na'urar naɗi kuwa kada ta zauna a kan kanta kusa da allo inda kowa yake ganinta, domin ɓarawon da ya san abin da yake yi da ita zai fara. A nema mata wuri a ɓoye, cikin akwatin ƙarfe mai makulli da hudojin shan iska. Kada a cusa ta tsakanin silin da kwano. Takardun waɗannan na'urori suna nuna iyakar zafin da za su jure, wasu digiri 45, wasu 55, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka nesa. Batir ma zafi yana rage masa kwana, shi ma a ajiye shi ƙasa a wuri mai iska.

Mataki na biyar: kwana nawa za ta ajiye

Bidiyon da nauyinsa yake megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin gigabait 10.8 a kwana guda. Kyamara mai megafiksel 2 da aka saita a megabit biyu za ta ci 21.6, huɗu za su ci wajen 86, wato faifai mai terabait ɗaya (gigabait 1000) zai cika cikin kwana goma sha ɗaya, daga nan na'urar ta fara goge tsohon bidiyo tana ɗora sabo a kansa. Idan na'urarka tana da tsarin matse bidiyo na H.265, ka zaɓe shi a maimakon H.264, domin yana iya rage nauyin da kusan rabi ba tare da hoton ya lalace ba. Ɗan kasuwar da yake tafiya Duwala ko Kano sayayya ya yi makonni biyu ya kamata ya lissafa kwanakin da tafiyarsa, ya sayi faifan da zai jira shi.

Ana iya saita na'ura ta yi naɗi sai idan ta ga motsi, wanda yake tsimin wuri sosai. Ni dai nakan bar ta ƙofa da ta wurin kuɗi suna naɗi ba tsayawa, sauran su bi motsi. Ka nemi faifan da aka yi domin aikin dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, ka guji wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta. Katin memori ma akwai na musamman mai jure yawan rubutu da gogewa, na gama-gari yakan mutu shiru ba tare da ka sani ba.

Mataki na shida: saiti, kuma da hannunka

Ranar da aka gama kafawa, ka zauna tare da mai aikin, kai ne za ka rubuta kalmar sirri, ba shi ba. Ta kasance doguwa, haɗe da haruffa da lambobi, ba lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori da na'urorin naɗi, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da kamfanoni suke sakawa tun daga masana'anta, sannan aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. Masu kayan ba su ma san an shiga na'urorinsu ba.

Abu na biyu ya fi kusa da mu. Ana haɗa na'ura da waya ne ta hanyar ɗaukar hoton wata alama mai ɗigo-ɗigo da ke jikinta, cikin manhajar kamfanin, kamar Hik-Connect ga Hikvision ko DMSS ga Dahua. Asusun da ya fara ɗaukar alamar shi ne yake zama mai na'urar. Masu kafawa da yawa, don sauri, suna yin haka da nasu asusun, sannan su raba wa mai gida kallo. Sakamakon shi ne wani yana iya kallon ƙofar gidanka duk lokacin da ya so, kuma ranar da ya bar gari ko kuka saɓa, sai ka sha wahala kafin ka karɓe ikon kayanka. Ka buɗe asusun da lambarka ko adireshinka na imel, a kan wayarka, kai ka raba wa wanda ka ga dama, ka janye idan aikinsa ya ƙare.

Na uku shi ne agogo. Kamaru da Cadi suna gaban agogon GMT da sa'a ɗaya, ka zaɓi haka, ka daidaita rana da wata da shekara. A cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo wanda yake riƙe lokaci idan babu wuta. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma wata tsohuwar shekara, neman bidiyo ya zama wahala, kuma shaidar da ke ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba tana da rauni a gaban hukuma.

Mataki na bakwai: kallo daga waya

Naɗi ba ya bukatar intanet, kallo daga nesa ne kawai yake bukata. Ƙaramin modam mai layin MTN, Orange ko Camtel ya isa, amma ka gwada layukan a daidai inda modam ɗin zai zauna, domin ginin siminti da ƙofar ƙarfe suna kashe sabis, kuma abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne ƙarfin turawa, ba na saukewa ba. Kowace kyamara tana fitar da bidiyo iri biyu, babba domin ajiya, ƙarami domin waya. Ƙaramin, idan yana kan rabin megabit a daƙiƙa, yana cin wajen megabait 230 a sa'a, babban mai megabit biyu kuma yana cin 900. Ka tuna sau biyu ake biya, layin modam yana turawa, layin wayarka yana saukewa. Saboda haka ka bar manhajar a kan ƙaramin, ka koma babban sai idan akwai abin da kake son tantancewa.

Saƙon gargaɗin motsi yana da amfani idan an saita shi da hankali. Idan ka bar shi a buɗe ga titi gaba ɗaya, awaki da kaji da masu babur za su cika maka waya har ka daina dubawa. Ka zana masa iyaka a bakin ƙofa kawai, ka kuma sa masa lokaci, daga rufe shago zuwa buɗewa.

Mataki na takwas: kulawa, da ranar da abu ya faru

Lokacin hunturu a goge gilashin kowace kyamara da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako, domin ƙurar da ba ta hana gani da rana tana mayar da hasken fitilun dare cikin idon kyamarar, hoton ya zama fari kamar hazo. Ƙwari suna taruwa a wurin, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa a ƙarƙashin murfin, duk a share su. Allon sola shi ma yana son wanki. Kowace Juma'a ka ɗauki minti biyar ka koma bidiyon ƙarfe uku na daren jiya, ka tabbata kowace kyamara ta yi naɗi kuma agogo daidai yake. Sau ɗaya a wata ka kashe wutar gari da kanka da yamma, ka ga ko batir zai kai tsarin safiya.

Idan an yi ɓarna, kada ka jira, domin na'urar tana ci gaba da goge tsohon bidiyo. Ka fitar da ɓangaren da ake bukata zuwa filasha ta cikin na'urar kanta, tare da minti talatin kafin abin da talatin bayansa, daga dukkan kyamarorin, ka yi kwafi biyu. Kada ka ɗauki hoton allo da waya, kada kuma ka dogara da wanda aka tura ta WhatsApp, domin yana matse bidiyo fuska ta dushe. Ka kai kwafi ɗaya ofishin 'yan sanda ko na jandarma, ka riƙe ɗaya.

Zuciya za ta raya maka ka watsa bidiyon a Facebook da zaurukan unguwa. Ina roƙonka ka daure. Hoton dare yana kama da mutane da yawa, kuma mun san abin da taron jama'a yake iya yi wa wanda aka nuna da yatsa a kasuwa kafin a gano ba shi ba ne. Ga kuma doka: Kamaru tana da dokar laifukan intanet ta 2010, da dokar kare bayanan mutane ta Disambar 2024, kuma yaɗa hoton wani da zargi yana iya mayar da mai ƙara wanda ake ƙara. Idan jami'ai suka nemi a kai musu na'urar ɗungurungum, ka nemi takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambar na'urar da ta faifan, sannan ka tanadi wani faifan ko aron wata na'urar, don kada shagon ya kwana babu naɗi a daren da aka san an taɓa shi.